Tsintacciyar Mage Ba Ta Mage? Yadda Ake Ɗaukar Riƙon Kyanwa da Kare

 A wannan makon mun ɗauko maganar da wasu za su ce ba ta kai a rubuta ba, wato maganar kyanwa da kare. Muna roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage. Wato kyanwar da aka tsinto a titi ba za ta zauna a gida ta yi aikin kyanwa ba, yau tana nan gobe ta gudu. To amma a wasu ƙasashe an gina gidaje musamman saboda tsintattun maguna da karnuka. Ana ciyar da su, ana yi musu magani, sannan mutane su zo su cike takarda su ɗauke su riƙo. Mun ce riƙo ba mu ce saye ba, domin abin ya fi kama da yadda gwaggo take ɗaukar ɗan ƙaninta ta riƙe. Wanda ya sayi kaya yana iya yin yadda ya ga dama da shi, amma wanda aka ba riƙo amana aka ba shi.

Mene ne gidan ceton dabbobi?

Wuri ne da wata ƙungiyar taimako take buɗewa don karɓar dabbobin da ba su da mai kula da su. Yawancin kuɗin da take aiki da su sadaka ce daga jama'a, kuma akwai masu zuwa su yi aiki kyauta, kamar share ɗakuna da fita da karnuka yawo.

Dabbobin da ake kawowa iri-iri ne. Akwai waɗanda suka ɓata, akwai waɗanda mai su ya rasu ko ya tsufa. Wani mai su ne ya koma gidan haya, mai gidan ya ce ba a shigo masa da dabba. Wani kuwa ganin kwikwiyo ya yi yana da kyau ya saya, da ya girma ya fara cin abinci da yawa sai ya gaji da shi. Idan muka duba da kyau za mu ga cewa sau da yawa ba dabbar ce ta yi laifi ba, halin da mutum ya shiga ne ya raba su.

Wannan aiki ya daɗe. A Ingila an kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi tun shekarar 1824, wadda yanzu ake kira RSPCA. A Amurka kuma wani mutum mai suna Henry Bergh ya kafa irinta a birnin New York a 1866.

Gidan Battersea na birnin Landan

Domin mu gane abin sosai, bari mu ɗauki gida ɗaya mu duba. A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta ga yadda karnuka suke mutuwa da yunwa a titunan Landan. Sai ta samu wata tsohuwar barga ta dawakai a unguwar Holloway ta fara tara su. Da farko dariya aka yi mata. Har wata babbar jarida ta yi mata ba'a, tana ganin ina amfanin ciyar da kare alhali ga mutane matalauta. Mary ba ta fasa ba. Ta rasu a 1865, ba ta ga inda aikinta ya kai ba.

A 1871 aka mayar da gidan unguwar Battersea, kusa da kogin Thames, kuma da sunan unguwar aka san shi har yau. A 1883 ya fara karɓar kyanwoyi. Yanzu yana da cibiyoyi 3 a Ingila, kuma ya haura shekara 160 yana aiki. Abin da aka fara da 'yan karnuka a barga ke nan.

Yadda ake ɗaukar riƙo, mataki-mataki

Wani zai ɗauka shiga ake yi a nuna wadda ake so a ɗauka a tafi, kamar mai sayen kaza a kasuwa. Ba haka ba ne. Ga yadda abin yake a irin waɗannan gidaje.

Na farko, idan an kawo dabba sai a nemi mai ita. A Birtaniya doka ta ce karen da aka tsinta a riƙe shi kwana 7 ko mai shi zai zo. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu mai lamba, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fata ta wajen wuya. Idan aka kara wata na'ura sai lambar ta fito, a duba kwamfuta a ga sunan mai dabbar. Tun 2016 doka ta tilasta sa wa karnuka wannan abu a Ingila, a 2024 kuma aka haɗa da kyanwoyi.

Na biyu, likitan dabbobi ya duba lafiyarta. A yi mata allurar rigakafi, a ba ta maganin tsutsar ciki, a kashe mata ƙuma da kaska. Yawanci kuma ana yi mata aikin tsayar da haihuwa. Idan namiji ne a fiɗiye shi.

Na uku, ma'aikata su zauna su karanci halinta. Tana son yara ko tana tsoronsu? Tana faɗa da sauran dabbobi? Tana firgita da ƙara? Duk a rubuta.

Na huɗu, mai son riƙo ya cike takarda. Dole ya zama babba, ba yaro kamarmu ba. Za a tambaye shi girman gidansa, ko nasa ne ko haya, ko akwai ƙananan yara, ko akwai wata dabba, da kuma awa nawa gidan yake zama babu kowa. Wasu ƙungiyoyin har gidan suke zuwa su gani da idonsu.

Na biyar, a haɗa shi da dabbar da ta dace da shi, su ga juna. Ba lallai wadda ta burge shi a hoto za a ba shi ba. Tsoho mai ciwon ƙafa ba za a ba shi karen da yake son gudu kullum ba.

Na shida, ya biya wani kuɗi ya sa hannu a yarjejeniya. Kuɗin ba farashin dabbar ba ne, taimako ne ga abin da aka kashe wajen magani da abinci. A cikin yarjejeniyar akan ce idan riƙon ya gagara, a dawo musu da ita, kada a jefar a titi.

Me ya kawo wannan dogon bincike?

Dalili shi ne dabba ba ta iya magana ta ce gidan nan bai yi mini ba. Kuma gida mai kyau ga wata dabba yana iya zama wahala ga wata. Ga misali. A 2018 iyalin Joe Biden sun ɗauki riƙon wani kare mai suna Major daga wani gidan ceto a jihar Delaware. Da Biden ya zama shugaban Amurka a 2021 sai aka koma da karen fadar White House, inda baƙin fuskoki da jami'an tsaro suke kai da kawowa dare da rana. Major bai saba da haka ba, har ya ciji wasu. A ƙarshen shekarar aka mayar da shi wajen wasu abokan iyalin, inda babu hayaniya. Kun ga ke nan ba girman gida ko yawan kuɗi ne abin dubawa ba. Ko fadar shugaban ƙasa ce, idan ba ta dace da dabbar ba, ba ta dace ba.

Muzurun da ya ga firaministoci shida

Yanzu mu koma kan karin maganarmu. A farkon 2011 masu kallon labarai a talabijin suka ga ɓera yana wucewa ta ƙofar gidan firaministan Birtaniya, wato gida mai lamba 10 a titin Downing. Abin kunya! Sai aka je gidan Battersea aka ɗauko wani muzuru mai suna Larry, wanda a da gararamba yake yi a titi. A watan Fabrairu na 2011 ya tare, har aka ba shi muƙamin babban mai kama ɓeraye.

Gaskiya jaridu sun sha tsokanarsa cewa barci ya fi yi a kan kamun ɓera, don haka masu karin magana ba su faɗi ƙasa warwas ba. Amma maganar guduwa babu ita. David Cameron ya tafi ya bar shi, haka Theresa May, Boris Johnson, Liz Truss da Rishi Sunak. Da Keir Starmer ya shigo a 2024, Larry ya tarar a gidan. Tsintacciyar mage ta fi masu gidan daɗewa. Abin da muka fahimta shi ne, kyanwar da ta samu abinci da kwanciyar hankali ba ta da dalilin gudu. Wadda ake kora da tsintsiya kuwa, ko a gidan aka haife ta sai ta tafi.

To mu fa?

Mu ma muna ɗaukar riƙo, sai dai babu takarda. Kyanwar maƙwabta ta haihu a bayan buhunan masara, a ce wa yara kowa ya zo ya zaɓa. Ko a ji kukan 'yar kyanwa a kwata bayan ruwan sama a ɗauko ta. Mafarauta da makiyaya ma suna ba juna kwikwiyo. A gidaje da yawa ba a ajiye kare sai don gadi ko farauta ko kiwo, kuma ba ya shiga ɗaki, shi ya sa kyanwa ta fi yawa a wajenmu.

Amma akwai abin da duk mun sani, ba sai an ɓoye ba. Idan kyanwoyi suka yi yawa sai a zuba 'ya'yan a buhu a kai su bayan gari ko bola a zubar, wasu ko idonsu bai buɗe ba. Kuma sau da yawa mu yara ake aika. A hanyar makaranta ma akwai masu jifan kare da kyanwa don wasa kawai, musamman baƙar kyanwa, wai mayya ce. Baƙar kyanwa launin gashinta ne kawai, kamar yadda ake samun baƙar akuya da jar akuya.

A darasin addini an koya mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. An kuma koya mana labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sahabi Abu Huraira ma saboda 'yar kyanwarsa ya samu wannan laƙabi. 'Yan uwanmu Kiristoci su ma littafin Karin Magana ya yaba wa mai kula da dabbarsa. Don haka tausayin dabba ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga Turai. Abin da za mu iya koya daga gidan Battersea shi ne tsari.

Me ya sa suke yawa haka? Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4. Cikin nata kusan kwana 65 ne, takan haifi 4 ko 5 a lokaci ɗaya, kuma tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. Ku lissafa da kanku. Wannan ne dalilin da gidajen ceto suke tsayar da haihuwa kafin su bayar. Likitocin dabbobi na nan ma sun iya wannan aiki.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci: cutar haukan kare

Idan an manta da komai a wannan rubutu, kada a manta da wannan. Dabbar gidan ceto likita ya duba ta kafin a bayar. Wadda muka tsinto a titi babu wanda ya duba ta.

Cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yaƙushi, ko idan dabbar ta lashi ciwo. Kyanwa ma tana ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wato sa'o'inmu. Mugun halinta shi ne ba ta nuna kanta da wuri. Takan yi wata 2 ko 3 a jiki, ciwon cizon ya warke har a manta. Idan alamu suka fito, kamar tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi.

Amma ana iya tare ta. A 1885 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allurar da ya haɗa, yaron ya rayu. Shi ya sa ake tunawa da wannan cuta kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu. A nan Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a wurin.

Idan kare ko kyanwa ta ciji ɗayanmu, ga abin yi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A gaya wa babba nan take, ko da ana tsoron faɗa. A tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaure wurin da tsumma a zauna. Kuma kada mu taɓa dabbar da take dalalar da yawu, ko take tangaɗi, ko take kai cizo ba dalili. Rigakafi ya fi magani.

Idan an amince mana mu riƙe

Abu na farko shi ne izinin iyaye, domin su ne masu gida kuma su za su biya kuɗin magani. Na biyu a kai dabbar asibitin dabbobi na gwamnati ko wajen wani likitan dabbobi a duba ta. Akan yi allurar haukan kare tun dabba tana kusan wata 3, likita kuma zai faɗi lokacin da za a sake.

Kada a raba ɗan kyanwa ko kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai mako 8. Idan mun ga 'ya'yan kyanwa su kaɗai, mu dakata tukuna daga nesa, wataƙila uwar ta tafi neman abinci ne.

A kwanakin farko sabuwar kyanwa takan ɓuya a ƙarƙashin gado ko bayan randa. Kada a jawo ta da ƙarfi. A ajiye mata ruwa da abinci da ɗan kwano mai yashi don bayan gida, a ƙyale ta. Da kanta za ta fito. A bar ta cikin gida na 'yan makonni har ta san nan ne gidansu. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai abubuwan da muke ci amma su cuta ne a gare su. Albasa da tafarnuwa da cakulan suna yi wa kare da kyanwa illa. Madarar shanu takan sa kyanwa zawo. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa ya soke su a ciki. Farasitamol kuwa yana kashe kyanwa, don haka kada a ba dabba maganin mutane. Gidan da ake zuba maganin ɓera ma a yi hattara, domin kyanwa tana iya cin ɓeran da ya ci guba. Kyanwa mai cin nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta, sai an haɗa da ɗan kifi ko nama. Mu kuma mu riƙa wanke hannu bayan mun taɓa su.

Tambayoyi biyar kafin a ce "ina so"

1. Kowa a gidan ya yarda, har da mai gidan haya idan haya muke?
2. Wa zai ba ta abinci idan muna makaranta ko mun yi tafiyar hutu?
3. Akwai kuɗin allura da magani idan ta yi ciwo?
4. Idan ta haihu, ina za a kai 'ya'yan?
5. Za mu iya riƙe ta har tsufanta?

Ta biyar ɗin ita ce mai nauyi. Kyanwar da ake kula da ita tana iya kai shekara 15, kare kuma yakan wuce 10. Wanda yake aji biyu yau, idan ya ɗauki 'yar kyanwa, zai iya gama sakandare, ya gama jami'a, har ya yi hidimar ƙasa tana nan da ranta. Idan amsar ko da tambaya ɗaya "a'a" ce, gara a haƙura. Ƙin ɗauka ba laifi ba ne, ɗauka a yar shi ne laifi.

Wanda ba zai iya riƙo ba ma yana da abin yi. Zai iya ajiye ruwa a tsohon kwano a bakin katanga lokacin zafi. Zai iya hana ƙaninsa jifa. Idan aka ba shi buhun 'ya'yan kyanwa ya kai bola, zai iya roƙon a ba shi kwana biyu ya tambayi 'yan ajinsu da masu shagon hatsi da masu kiwon kaji ko akwai mai so. Muna kuma roƙon malamanmu na kimiyya da aikin gona su taimaka a gayyato mana likitan dabbobi ya yi mana bayani a taron safe kafin 28 ga Satumba. Duk mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiya, za mu liƙa amsa a fitowa ta gaba.

Daga wakiliyar aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.